Ƙofar da Kaka Ta Fasa wa Jirgin Kankare

Kaka ta rasu ranar wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar damina, a ɗakinta na gidanmu da ke Ƙofar Durbi. Kowa ya shigo sai ya ce daga Allah muke, wurinsa za mu koma, mu amsa, amma amsawar a baki kawai take. Gwaggona, ƙanwar Baba, ta baro shagonta a Babbar Kasuwa a buɗe, ta iso da mayafi a hannu, sai maƙwabtanta ne suka rufe mata. Tsohon mai garuwar unguwarmu ya jingine kurarsa a ƙofar gida ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yaro, yana cewa tunda ya baro ƙauyensu bai taɓa sauke ruwa a gidan nan ya fita ba tare da ta sa ya sha koko ba. Matan unguwa suka cika tsakar gida har tabarmi suka ƙare, waɗansu suka zauna a gefen jirgin kankaren da ke ƙarƙashin darbejiya, wanda Kaka ta cika da ƙasa ta shuka yakuwa a ciki.

Abokan karatuna da muka gina jirgin nan tare su ma sun zo, har da malaminmu. Ɗaya daga cikinsu, wadda Kaka ke kira Mai Lissafi, ta shigo da goyo a bayanta. Ba ta iya gaishe da kowa ba, ta wuce wurin jirgin ta dafa shi, ta daɗe a tsaye.

Da aka gama shirya ta aka sa a makara, masu ɗauka suka nufi zaure kamar yadda aka saba. Baba ya tare su ya ce ba ta nan ba, ya nuna ƙaramar ƙofar da ke jikin katangar gabas, mai fita lungu. Ƙanen Kaka, tsoho mai zafin rai, ya ce wace irin magana ce wannan, matar da ta shigo gidan nan ta zaure ita ce za a fitar ta gefe kamar wadda ta yi abin kunya? Baba ya ce wasiyyarta ce. Aka bi ta lungu, mutane na gunaguni. Tun daga ranar nake jin ana juya zancen a unguwa, wasu har suna cewa camfi ne. Ba camfi ba ne. Ni na san yadda aka yi ƙofar nan, kuma ba na son a manta.

Duk wanda ya san Kaka ya san ba ta shiri da ruwa. Ɗanta na fari, yayan Baba, ruwa ne ya ci shi yana ƙarami. Sun je wanka da yara a wani kududdufi da ake haƙar ƙasar gini, da damina, sauran suka dawo shi bai dawo ba. Ɗan fari ne, don haka ko yana raye ba ta faɗin sunansa, bayan ya rasu kuwa sai dai ta ce “wancan yaron”. Da aka haife ni Baba ya mayar mani da sunan, shi ya sa tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Maigida take ce mani, irin wasan kaka da jika. Kullum na shigo sai ta tare ni da cewa Maigida ina cefane, wane irin miji ne wannan mai dawowa da littattafai maimakon nama.

Rijiyar gidanmu murfin ƙarfe gare ta da kwaɗo, makullin kuwa a ƙulle yake a bakin zanenta, ko barci take. Ba a barin bokiti ko baho da ruwa a tsakar gida, tana gani za ta kife shi, ko da wanki kike yi kika shiga ɗauko sabulu. In hadari ya haɗo sai ta tsaya a bakin ƙofar ɗakinta tana kiran jikoki ɗaya bayan ɗaya, ba ta zama sai kowa ya amsa. Baba da furfurarsa, ma'aikacin gwamnati, in zai yi tafiya sai ta tambaye shi ko hanyar akwai gada. Haka muka tashi, duk zuri'arta babu wanda ya iya iyo, kuma mun ɗauka kowane gida haka yake.

To, a irin wannan gida ne Allah ya kawo ni da zancen jirgi. Ina shekarar ƙarshe a karatun injiniyan gine-gine, wani malaminmu da ya yi karatu a waje ya zo da wata gasa da ya gani can. Ɗaliban kowace makaranta za su gina kwale-kwale da siminti, su kai shi ruwa, su shiga su yi tseren tuƙi da sauran makarantu. Abin da ake son gani shi ne ko kun iya haɗa kankare marar nauyi, siriri, wanda kuma ba zai tsage ba. Da na ba Kaka labari, ban da zancen shiga da tsere, sai da ta ajiye goron da ke hannunta don dariya. Ta ce in dai dutse zai yi iyo, to a gaya wa dutsen niƙanta shi ma ya fara shiri.

Muna shirin farawa aka shiga yajin aiki, aka rufe makaranta har da ɗakin da za mu yi aikin. Gasar kuwa ba ta jiran kowa. Tsakar gidanmu na da faɗi, ga inuwa, ga rijiya, sai na roƙi Kaka. Nan take ta yarda, don ita mace ce mai son gida ya cika da mutane, kuma a zatonta abu ne da za a gina malamai su zo su duba su ba da maki. Muka riƙa shigo da kaya ta zaure kaɗan-kaɗan, yau buhun siminti, gobe katako, jibi ragar waya irin ta kejin kaji, da farin soson nan da ake sako firiji a ciki, wanda muka marmashe muka gauraya da yashi don rage nauyi. Kaka ta mai da mu ’ya'yanta. Kullum da rana akwai ɗanwake, wanda ya ci kaɗan ta yi mashi faɗa. Ta raɗa wa kowa suna, yarinyar da ke auna mana kwaɓi ta zama Mai Lissafi, ita ce kuma ’yar gaban goshi. Da muka haɗa katakon da za a shafa kankaren a kansa, dogo siriri a kan ƙafafu, Kaka ta zagaya shi tana taɓe baki ta ce wanga abu namu kamar makara. Baba ya ce haba Inna, wace irin magana ce haka, ita kuwa ta ce abin da ta gani ta faɗa.

Ranar shafe muka yi aikin da hannu, muna danna kwaɓin cikin ragar, kaurinsa bai wuce na yatsa ba. Daga nan sai babban aikin. Sabon kankare ruwa yake so, sai an lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhunan algarara ana yayyafa masa ruwa safe da rana da yamma har wajen wata guda, in ba haka ba ba ya yin ƙwari. Lokacin bazara ne, irin zafin Katsina da ke busar da wanki kafin ka gama shanya.

Ana cikin haka, muna cin abinci wata rana, Mai Lissafi ta ce, ita da zuciya ɗaya, ai Maigidan Kaka ne zai zauna a gaba ranar tsere tunda ya fi kowa rashin nauyi. Kaka ta tsaya da ludayi a hannu. Ta tambaya, a gaban me? Muka dubi juna. Ta sake tambaya, shiga za ku yi? Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta aika aka kira Baba, ta wanke shi tas a gaban baƙi, ta ce shi da ya san abin da ya faru a gidan nan shi ne zai zuba ido. Na yi ta bayani, na ce akwai rigar da ke hana nutsewa, akwai masunta da za su bi mu da jiragensu, ruwan ma ba mai gudu ba ne. Ta bari na gama, sannan ta dube ni.

“Na ba ruwa guda,” in ji ta. “Ba ni ba shi na biyu, kuma da suna ɗaya.”

Ta rufe rijiya, ta hana mai garuwa shigowa. Abin da ya fi ci mani rai, ta daina ce mani Maigida. In na gaishe ta ta amsa a gajarce, ba tsokana, ba zancen cefane. Ni ma na hau dokin zuciya, na ce jirgi sai na shige shi, aikin shekara guda ne na mutane da yawa, ba nawa ni kaɗai ba. Muka koma ɗauko ruwa a jarka bisa babur daga wani famfo mai nisa, amma ina, kafin azahar buhunan sun bushe ƙamas. Malaminmu ya zo ya duba ya girgiza kai. Ya ce in kankare ya bushe da wuri tsagewa yake yi daga ciki, inda ido ba ya gani, sai an hau ruwa da nauyin mutane sannan ya buɗe. A tsakar gida ya faɗa, Kaka tana bakin ƙofarta tana tsince zogale, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Washegari na dawo daga sallar asuba na tarar da buhunan sharkaf, ruwa na ɗiga a ƙasa. Rijiya a buɗe. Kaka na tsaye da moɗa tana bin jirgin daga kai zuwa gindi, tana yayyafawa tana motsa baki. Na matso kusa. Ita ta fara magana, ba tare da ta juyo ba.

“Kada ka yi murna, ban yarda ba. Amma na san taurin kanka, ko ya tsage shiga za ka yi. In ya tsage don na hana shi ruwa, ni na nutsar da kai ke nan.”

Daga ranar ita ta karɓi aikin. Babu wanda ya kai ta kula. In ɗayanmu ya zuba ruwa sai ta bi baya ta taɓa buhu ta ce nan bai jiƙu ba. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, da tsakar rana za ta fito da faifai a ka ta zagaya shi, tana addu'a tana tofawa. Na taɓa tambayar ta me take roƙo, ta ce abu biyu, Allah ya yi wa jirgin ƙwari, Allah kuma ya hana shi barin gidan nan. Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Sai ga shi addu'a ta biyu ta kusa cin mu. Ranar da muka cire katako muka goge jirgin muka shafa fenti, muka taru muka ɗaga shi za mu kai wa motar da ke jira a bakin titi. Muka shigar da kansa zaure, sai ya tsaya. Zauren gidanmu irin na dā ne, ƙofar ciki da ta waje ba sa kallon juna, an yi shi ne don na waje kada ya hango tsakar gida, sai ka yi kwana kafin ka fita. Jirgin kuwa ya fi tsawon zauren. Muka ja baya, muka karkata, muka gwada ta gindi, a banza. Mun auna komai na jirgin nan, kauri da nauyi da yawan ruwan da zai ture, amma babu wanda ya tuna ya auna hanyar fita, don kayan duk a rarrabe suka shigo. Aka ce a haura da shi ta katanga, malaminmu ya ce siririn kankare irin wannan in aka rataye shi ta tsakiya karyewa zai yi. Hanya ɗaya ta rage, a fasa katangar gabas.

Katangar nan Malam ne, marigayi mijin Kaka, kakanmu, ya gina ta da hannunsa da tubalin ƙasa, shekarar da aka kawo Kaka gidan. Duk lokacin kaka sai ta sa an yaɓe ta. Baba ya ce shi dai bakinsa ba zai iya roƙon wannan ba. Kaka kuwa da ta ga mun ajiye jirgin muna haki, ta yi dariya har da hawaye, ta ɗaga hannu ta ce Allah na gode maka. Ranar ta ci tuwo har da ƙari.

Ni kam abinci ya fita raina. Abokaina suka riƙa zuwa su zauna, su tashi su tafi, babu wanda ya ce mani laifina ne, amma gidanmu ne. Ranar gasa na matsowa. Wata la'asar ina zaune a gefen jirgin na haɗa kai da gwiwa, sai na ji ta zauna kusa da ni, da ƙyar, tana dafa kafaɗata. Ta daɗe tana murza makullin nan da ke bakin zanenta. Sannan ta ce ita ta roƙi Allah ya tsare ni daga ruwa, ba ta roƙa ya karya mani zuciya ba. Ta ce tun ranar wancan yaron take rufe rijiya tana kife bokiti, ga shi ta tara zuri'a guda da ko kwata ta cika sai sun nemi mai riƙe masu hannu.

“Makullin nan ba da shi za a rufe ni ba,” in ji ta. “In na tafi, wa zai riƙa kiran ku in hadari ya taso? Tashi ka kira magini, Maigida. Amma ƙafata ƙafarku, sai na gani da idona.”

Ranar da aka fasa katangar ba ta shiga ɗaki ba. Ta zauna tana kallon diga na cin tubalin Malam, ta ɗauki guda ɗaya da ya faɗo bai fashe ba ta kai ƙarƙashin gadonta. Jirgi ya fita lungu a miƙe, bisa kafaɗunmu.

Muka tafi gwaji dam ɗin Ajiwa da ita a gaban mota. Rabonta da ganin ruwa mai faɗi tun kafin a haifi Baba. Da muka isa ta sa aka shimfiɗa mata tabarma ta zauna ta ba ruwan baya, tana jan carbi. A ƙa'idar gasar, kafin kowa ya shiga sai an cika jirgi da ruwa har baki an danna shi ƙasa, in ya taso an yarda da shi, in ya zauna a ƙasa shi ke nan. Mai Lissafi ta je ta durƙusa ta ce Kaka, yanzu za a nutsar da shi, ki duba. Ta juyo a hankali. Muka cika shi, muka danna har ya ɓace, muka saki. Ya ɗan jima, sannan bakinsa ya ɓullo, ya tsaya a saman ruwa yana lilo. Kaka ta miƙe tsaye. Ta tambaya ko ya cika ba ya tafiya ƙasa, aka ce mata ba ya tafiya, mutum na iya riƙe shi har a zo a ɗauke shi. Ta ce, “Da a ce a lokacin nan akwai ko da…” Ba ta ƙarasa ba, ta ja mayafi ta rufe fuska. Wannan ne karo na farko da na ga Kaka ta yi kukan wancan yaron. Da ta share ido ita da kanta ta ja igiyoyin rigar ruwata ta ƙara tamke su, har sai da na ce numfashi fa.

Gasar ba mu ci ba. Jirginmu ya yi ƙwari amma bai da gudu, mu kuma ba mu iya tuƙi ba, muka yi ta zagaye kafin mu miƙe hanya. Ba ta bi mu can ba, an ce tun da muka tafi tana kan darduma. Da na dawo na fara ba ta labarin yadda aka wuce mu, ta katse ni ta ce ita ba wannan ta tambaya ba, ta shafa kaina da fuskata ta tabbatar ni ne, sannan ta ce ina cefane. Jirgin kuwa da aka dawo da shi, ta sa yara suka cika shi da ƙasa da taki ta watsa irin yakuwa, ta ce ya yi nasa, ruwa kuma sai dai na moɗa. Amma ni ba ta sake hana ni ba. Na koyi iyo, na koya wa ƙannena, tana ji tana kau da kai.

Bayan gasa Baba ya kawo magini a toshe katanga. Kaka ta ce a'a, a sa ƙyaure. Baba ya ce me za a yi da ƙofa biyu a gida, ɓarayi kawai za a gayyato. Ta sa magini ya ba mu wuri, daga ni sai Baba, sannan ta faɗi dalilinta.

“Ranar da aka fitar da Malam ina leƙe ta labule. Sai da aka karkata makarar a zaure kafin ta yi kwana, na ga ƙafarshi ta zame an tare. Abin bai bar idona ba. Wancan yaron kau a tabarma aka fitar da shi, a hannu. Ni in tawa ta zo, ku fitar da ni ta nan, a miƙe, yadda kuka fitar da jirginku.”

Baba ya ce Allah ya ja kwana, Inna. Ta ce amin, amma a sa ƙyauren.

Shi ya sa ranar Laraban nan muka juya wa zaure baya. Ni na kama gaban makarar, inda na kama jirgin, abokaina na bayana a inda kowa ya tsaya wancan karon, ba tare da wani ya tsara ba. Muka wuce gefen yakuwarta, muka wuce rijiya. Ƙofar ta ishe mu ba tare da mun karkata ko kaɗan ba, ko kafaɗa ba ta goga ba. Ta fita a miƙe.

Muna cikin maƙabarta hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Muna shigowa gida aka fara yayyafi, yara na ta guje-guje a tsakar gida, bokitai a tsaye, ƙofar ɗakinta a buɗe. Na tsaya ina jiran a fara kiran mu. Baba ma na ga ya tsaya. Can sai ya goge fuska da hannun riga, ya taka zuwa bakin ƙofar, ya fara kiran jikoki ɗaya bayan ɗaya har kowa ya amsa.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yalwata mata makwanci, ya haɗa ta da yaron da ta yi shekaru tana jin kunyar kiran sunansa.